Naman Da Kifi Ya Ƙi Ci: Yadda Murjani Mai Laushi Ke Kare Kansa

 

Da an ce murjani, abin da ke faɗo wa Bahaushe a rai shi ne jan dutsen wuyan nan da iyaye mata ke ji da shi, ko wanda sarakunan Bini ke jibgawa a wuya da hannu ranar biki. Kalmar daga Larabci muka aro ta. Amma murjani na asali ba dutse ba ne, ba kuma itace ba. Ƙashin wata dabba ne da ke zaune a ƙarƙashin Bahar Rum, wadda masana ke kira Corallium rubrum. To wannan dabba tana da dangi masu ɗimbin yawa da ba su da irin wannan ƙashi mai tauri. Su ake kira murjani mai laushi, kuma a kansu nake so mu tattauna.

Ana samun su birjik a tekuna masu ɗumi: a Bahar Maliya daura da Jidda da Port Sudan, a Babban Shingen Murjani na Ostiraliya mai tsawon kilomita kusan 2,300, da kuma tekun Karebiyan. Wani kamar laimar kwaɗi, wani kamar yatsun hannu, wani kamar mafici, wani kamar bulala. Abin da ka gani kamar jiki ɗaya, a gaskiya gari ne guda na 'yan mitsi-mitsin dabbobi da suka haɗa jiki, kowace da bakinta da hannuwa takwas masu geza irin ta gashin tsuntsu. Wannan takwas ɗin ita ce alamar gidan, ita ta haɗa masu kama da laima da masu kama da mafici, shi ya sa zan haɗa su duka a wannan bayani.

Yanzu ka duba halin da dabbar nan take ciki. A manne take da dutse, ba ta gudu, ba ta ɓuya. Murjani mai tauri, wanda ke gina duwatsun ƙarƙashin teku, yana da ɗakin farar ƙasa da yake noƙewa ciki idan an taɓa shi. Ita ba ta da shi. Tana da ƙwayoyin harbi irin na danginta, amma nata masu rauni ne. Ga ta kuma a unguwar da ta fi ko'ina yawan kifi a duniya, kifayen da tun safe har yamma ba su da aiki sai gatsar duk abin da ya yi kama da abinci. Tsoka ce aka ajiye a tsakiyar kasuwa babu mai gadi. Duk da haka, masu nutso suna iske ta lafiya ƙalau, da wuya ka ga tabon cizo a jikinta. Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Abin da ke cikin tsokar

Idan aka yanki murjani mai laushi aka jiƙa shi a ruwan narkarwa irin su metanol, aka tace, aka busar, ana samun wani abu mai danƙo, sau da yawa mai ƙarfin wari. Yawancin abin da ke ciki sinadarai ne na gidan tarfin. Duk wanda ya yi darasin sinadaran kabon ya san gidan: tubalinsu ɗaya ne mai kabon 5, a jera biyu a sami mai kabon 10 (ƙamshin ɓawon lemu ke nan), a jera uku a sami 15, a jera huɗu a sami 20. Murjani mai laushi ya fi ƙwarewa a kan masu 15 da masu 20. A cikin masu 20 ɗin akwai wani rukuni da kabon 14 suka yi zobe ɗaya babba, ana ce musu sembaranoyid, kuma irin wannan zoben ana samun sa a ganyen taba da ƙaron lubban. Abin ban sha'awa, dabba a ƙasan teku da bishiya a busasshiyar ƙasa sun haɗu a kan gini iri ɗaya.

A 1974, Yoel Kashman na Jami'ar Tel Aviv da abokan aikinsa suka ciro wani daga cikinsu a jikin Sarcophyton glaucum na Bahar Maliya, suka sa masa suna sakofin, suka nuna guba ne ga kifi. Yawansa kan kai kashi 3 cikin ɗari na nauyin busasshiyar dabbar, wanda ba ƙaramin jari ba ne a wajen halittar da ke neman abin kai wa baka da ƙyar. A 1981 kuma, William Fenical na cibiyar nazarin teku ta Scripps a Amurka da mutanensa suka bayyana lofotoksin daga wani mai kama da bulala a gaɓar Meziko. Shi wannan yana zuwa ne ya toshe mahaɗar jijiya da tsoka, ya liƙe a wurin ya ƙi fita, sai jiki ya shanye.

Jin haka, kowa zai ce magana ta ƙare: murjani yana da guba, kifi na tsoron mutuwa, shi ke nan. Ai kuwa nan ne maganar ta soma.

Guba daban, ɗaci daban

A farkon shekarun 1980, John Coll na Jami'ar James Cook da ke Townsville a Ostiraliya, tare da Stéphane La Barre da Paul Sammarco, suka tattaro murjani mai laushi iri-iri daga Babban Shingen. Suka niƙa, suka zuba ruwan a cikin tankunan da ke da wani ɗan ƙaramin kifi mai cin 'ya'yan sauro, Gambusia affinis, suka zauna suna kallo. Sakamakon da suka fitar a 1982 ya nuna kusan rabin samfuran suna da guba. To saura rabin fa? Su ma ai kifi ba ya cin su a teku.

Sai suka sake dabara. Maimakon su zuba a ruwa, suka jiƙa abincin kifi da tatattun sinadaran suka ba shi, don su ga ko zai ci. Abin da suka buga a 1986 shi ne ginshiƙin wannan bayani nawa: babu wata alaƙa tsayayya tsakanin ƙarfin guba da ƙin ci. Akwai murjanin da ruwansa ke kashe kifi amma kifin ya cinye abincin da aka shafa masa, akwai wanda ba ya kashe ko ɗaya amma kifi na ɗanɗanawa zai tofar.

Idan ka yi tunani za ka ga haka ya fi dacewa da buƙatar dabbar. Mene ne amfanin kifi ya cinye ka yau ya mutu gobe? Ɓarna ta riga ta auku, kuma gobe wani kifin ne zai zo wanda bai san abin da ya sami na jiya ba. Abin da ya fi mata shi ne kifi ya gatsa sau ɗaya, ya tofar, ya rayu, ya riƙa tunawa duk lokacin da ya gan ta. Kifin da ya ji jiki ya zama kamar wanda aka yi wa rigakafi, shekara da shekaru yana wucewa ta gefenta ba ya ko kallo.

Mu nan gida muna da misalin duka biyun. Magimfa, da masunta ke dakawa su zuba a ruwa, guba ce tsantsa: kifi bai zaɓi komai ba, ta shaƙe shi ne kawai ya taso sama. Dogon yaro kuwa wani abu ne daban. A 1959 wani Bajamushe masanin ƙwari, Heinrich Schmutterer, ya ga fara ta sauka a Sudan ta cinye kusan duk wani kore, ta bar dogon yaro tsaye da ganyensa. A 1968 aka ciro sinadarin da ke sa haka, azadiraktin, kuma shi ma ɗan gidan tarfin ne. Farar nan ba mutuwa take fara yi ba, ƙin ci take yi. Murjani mai laushi ya fi kama da dogon yaro, ba magimfa ba.

Sai dai aikin 'yan Ostiraliya yana da tasa matsalar, kuma masana sun faɗe ta. Gambusia kifin ruwan daɗi ne, na kududdufi da rafi. Tun da aka halicce shi bai taɓa haɗuwa da murjani ba. Auna garkuwar murjani da shi kamar ka gwada ƙarfin shingen gona da kyanwa ne, alhali awaki ne ke shiga. A ganina duk da haka sun cancanci yabo, don su suka raba tambayar gida biyu. Amma dole a je a tambayi kifin da abin ya shafa.

Yadda ake tambayar kifi

Wannan ɓangaren ne ya fi burge ni, don aikinmu ne na ɗakin gwaji sak, kuma babu wata na'ura mai tsada a ciki. Joseph Pawlik, wanda daga baya ya zauna a Jami'ar North Carolina da ke Wilmington, shi ya daidaita hanyar. Kifin da ya zaɓa shi ne Thalassoma bifasciatum, ɗan ƙarami, manyan mazansa masu shuɗin kai, ƙananan kuma rawaya. Yana cikin kifayen da suka fi yawa a Karebiyan, kuma ba shi da zaɓe, duk abin da ya samu ci yake. Idan irin wannan makwaɗaici ya ƙi abu, to lallai akwai dalili.

Ga yadda ake yi. A yanki murjani, a auna girman yankan ta hanyar nutsa shi cikin silinda mai awo, a ce mililita 10. A tato sinadaransa, a busar da ruwan narkarwar ƙarƙaf. Sai a niƙa naman sikwid, wata dabbar teku mai laushi da kifi ke so ƙwarai, a gauraya da aljinet, wani abu mai kauri da ake samu daga ciyawar teku, a auni mililita 10 daidai, a zuba tataccen sinadarin a ciki. Ka ga ke nan abin da ke cikin loma ɗaya ta wannan haɗi daidai yake da abin da ke cikin loma ɗaya ta murjanin, ba ƙari ba ragi. Daga nan a ɗura a sirinji a matso shi cikin ruwan kalsiyam kuloraid, sai ya daskare ya zama kamar taliya, a yayyanka ƙanana. A yi wata taliyar irinta sak ba tare da sinadarin ba, har kalar abinci ake ɗigawa don launinsu ya zo ɗaya, kada kifi ya bambance da ido.

Ana raba kifayen rukuni 10. Kowane rukuni a fara jefa masa lomar da ba komai. In bai ci ba, a cire shi daga lissafi, don wanda ba ya jin yunwa ba shaida ba ne. In ya ci, a jefa mai sinadari. In kifi ya ɗauka ya tofar, ya sake ɗauka ya tofar har ya haƙura, an ƙi ke nan. Sannan a sake jefa marar komai don a tabbatar ba ƙoshi ne ya hana shi ba. Idan aka ƙi 4 ko fiye a cikin 10, lissafi ya nuna ba dace ba ne, akwai abin da ke korar kifin.

A binciken farko da Pawlik da Fenical suka fitar a 1987, kusan rabin ire-iren da suka gwada ne kifi ya ƙi ƙwarai. A 2002, bayan an gyara hanya an koma awo da girman loma, Pawlik da ɗalibinsa O'Neal suka gwada iri 32 na Karebiyan. Duka 32 ɗin kifi ya ƙi su. Murjanin bai canja ba a cikin shekara 15, ma'aunin ne ya canja. Dalilin da ya sa awo da girma ya fi awo da busasshen nauyi mai sauƙi ne: kifi ɗanyen nama yake gatsa da ruwansa, ba gari yake ci ba, kuma jikin murjani cike yake da 'yan tsinkayen farar ƙasa masu nauyi da ke rikita lissafin nauyi.

A nan zan ɗan ratse. Na sha ganin furojet da aka jiƙa ganye a metanol, aka zuba wa ƙwaron wake, ƙwaro ya mutu, aka rubuta cewa ganyen yana maganin ƙwari. To an gwada metanol ɗin shi kaɗai? Ai shi ma yana kashe ƙwaro. Ƙarfin da aka zuba, ya yi daidai da wanda manomi zai iya haɗawa, ko an ninka shi sau hamsin? Kuma mutuwa kawai aka ƙirga, ko an duba ko ƙwaron ya daina cin waken? Ganyen da bai kashe ko ɗaya ba amma ya hana su taɓa buhu, shi manomi ke nema, amma a irin wancan gwaji sifili zai samu a jefar da shi. Duk wanda zai tsaya gaban malamai kare aikinsa, gara ya yi wa kansa waɗannan tambayoyi tun kafin a yi masa su.

Rigimar da aka yi a kan amai

Akwai wani murjani baƙi-baƙi mai rassa a Karebiyan, Plexaura homomalla, wanda labarinsa ya fi na kowa daɗi. A 1969, Alfred Weinheimer da Robert Spraggins na Jami'ar Oklahoma suka gano yana ɗauke da furostagilandin. Wannan sinadari ne da ke jikinmu mu ma, amma ɗan mitsitsi ƙwarai; yana da hannu a ciwo da kumburi da naƙuda, kuma hana jiki ƙera shi ne aikin asfirin. A lokacin masu haɗa magunguna na neman sa ido rufe, ga tsada ga wuyar samu. Sai ga shi a jikin wannan dabba har kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na busasshen nauyinta, kimanin ninki miliyan na abin da ke jikin sauran ƙananan dabbobin teku. Har kamfanin Upjohn ya riƙa girbar ta a tsibiran Cayman a farkon shekarun 1970, kafin a ƙware wajen haɗa shi a masana'anta.

Me dabba za ta yi da wannan uban tari? A 1984 Donald Gerhart ya ba kifi abincin da aka sa wa sinadarin. Suka ci, jim kaɗan suka yi amai. Da aka maimaita 'yan lokuta, sai suka daina karɓar mai sinadarin, suna ci gaba da cin marar komai. Wato sun haɗa ɗanɗanon da abin da ya biyo baya. Duk wanda ya taɓa cin wani abinci ya kwana yana amai ya san yadda ko ƙamshinsa ke tayar masa da zuciya bayan shekaru.

A 1989 Pawlik da Fenical suka ce a dakata. A jikin murjani mai rai, sinadarin ba a sake yake ba, a ɗaure yake ta wurare biyu da wasu ƙananan sassa, kamar wuƙa a cikin kube. Sai an ji wa dabbar rauni wasu inzayim na jikinta ke kwance shi. Da suka gwada a cikin teku, kwantaccen ya kori kifi, amma ɗaurarren, wanda shi ne kifi zai fara tararwa in ya gatsa, an cinye shi. Gerhart ya mayar da martani a 1991 cewa ai ɗaurarren ma yana sa amai, sai dai ba nan take ba, don haka gwajin da ya tsaya a kan ko an haɗiye ko ba a haɗiye ba, ba zai ga abin da ya faru bayan an haɗiye ba.

Ni dai a nawa karatun, kowannensu tambaya daban yake amsawa. Ɗaya yana auna harshe, ɗaya yana auna ciki da ƙwaƙwalwa. Kuma a teku kifi ɗaya yana zaune a unguwa ɗaya tsawon rayuwarsa, yana wuce murjani ɗaya kullum, don haka darasin da ya zo a makare ma darasi ne. Amma ba a raina ƙorafin su Pawlik ba: kifin da ya gatsi abu ashirin a cikin minti biyar, ta yaya zai san wanne ne ya ɓata masa ciki? A tanki abu ɗaya aka ba shi, a teku kuwa ba haka ba ne.

Game da 'yan tsinkayen farar ƙasar da na ambata, an daɗe ana ɗauka su ma garkuwa ne, kamar tsakuwa a shinkafa. A tsibirin Guam, Kathryn Van Alstyne da Valerie Paul sun nuna cewa a jikin Sinularia tsinkayen sun fi yawa a gindi, sinadarai kuma sun fi yawa a kan yatsu inda baki ke fara kaiwa, kuma tsinkayen sun rage cin kifi. A Karebiyan kuwa, a binciken 2002 ɗin nan, ƙalilan ne tsinkayensu suka hana kifi ci. Suna taimakawa a wasu wurare, amma babban aikinsu riƙe jiki ne, gadi kuwa na sinadari ne.

To gubar da ba ta hana ci fa, ta mece ce? Wani ɓangare na amsar shi ne ba kifi kaɗai ne abokin gaba ba. A ƙasan teku fili ma abin faɗa ne. Su Coll sun kifa wani akwati a kan Sinularia flexibilis a cikin teku, suka tace ruwan da ke kewaye da shi, suka iske yana sakin tarfin ɗinsa a ruwa. Murjani mai tauri da ke kusa sai ya daina girma, wani gefensa ma ya mutu. Wasu sinadaran kuma suna hana gansakuka da ƙwayoyin cuta zama a jiki. Rumbu ɗaya ne, amma makaman ciki kowanne da wanda aka tanadar wa.

An daɗe ana gardama ko dabbar ce da kanta ke ƙera waɗannan abubuwa, ko 'yan ƙananan tsirrai da ƙwayoyin da ke zaune a jikinta, tunda an saba ganin tarfin a tsirrai ne. A 2022 ƙungiyoyi biyu, ta Eric Schmidt a Jami'ar Utah da ta Bradley Moore a Scripps, kowace ta gano ƙwayoyin gadon da ke ƙera tarfin a cikin kundin gadon murjanin kansa. Wannan ba ƙaramin labari ba ne ga masu neman magani. Sudotarosin, da aka bayyana a 1986 daga wani mai kama da gashin tsuntsu a Bahamas, yana rage kumburi, har kamfanin Estée Lauder ya sa shi a man shafawa. Elutarobin, daga gaɓar yammacin Ostiraliya, yana hana ƙwayoyin kansa rabuwa a ɗakin gwaji, amma rashin samun sa da yawa ya daɗe yana tauye bincike. In an san ƙwayar gadon, ana iya dasa ta a jikin yis ko bakteriya su riƙa ƙerawa, ba sai an je an sassabe teku ba.

Waɗanda suka gagari garkuwar

Babu shingen da ba a samun mai tsallake shi. A Guam ɗin dai, Chad Wylie da Valerie Paul sun nuna a 1989 cewa sinadaran Sinularia na korar kifaye masu cin komai, amma wani kifi mai zane irin na malam-buɗe-littafi, Chaetodon unimaculatus, yana cin sa hankali kwance. A Karebiyan ɗan'uwansa Chaetodon capistratus yana bi yana tsinke 'yan bakunan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya iya jure abin da kowa ya ƙi, ya sami akushi shi kaɗai babu mai sa masa hannu.

Dodon koɗi ma sun fi kifi iya shege. Akwai Ovula ovum, mai farin ƙoƙo sumul kamar ƙwai, dangin wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi. Yana cin Sarcophyton, kuma su Coll sun gano a 1983 cewa a cikinsa yake sauya gubar zuwa wani sinadari mai sauƙin illa. Akwai wasu marasa ƙoƙo, irin su Phyllodesmium, da suka wuce nan: suna cin murjanin, su ware sinadarin, su adana shi a jikinsu, sai kifi ya ƙi su su ma. Sun saci makamin mai gida sun rataya. Wannan ma ba baƙon abu ba ne gare mu, don tsutsar malam-buɗe-littafin nan mai ruwan lemu da ke cin ganyen tunfafiya haka take yi da gubar tunfafiya, tsuntsu ya ci ya yi da-na-sani.

Sai kuma Cyphoma gibbosum na Karebiyan, ɗan ƙaramin dodon koɗi mai ɗigo-ɗigon ruwan lemu, tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba. Shi kusan kowane murjani mai rassa abincinsa ne, har da Plexaura mai sa amai. Binciken Kristen Whalen da wasu ya nuna cikinsa cike yake da inzayim masu warware guba, dangin waɗanda hantarmu ke amfani da su wajen narkar da magani. Yana hawa reshe yana kankare tsoka, ya bar baƙin ƙashi a bayansa. Duk tarin sinadaran da murjani ya kashe ƙarfinsa ya ƙera, a wajen wannan ɗan tsurut ba su da wani tasiri.

To me ya hana shi cinye dajin gaba ɗaya? Deron Burkepile da Mark Hay sun kafa keji a ƙasan teku a gaɓar Fulorida, wanda ke hana manyan kifaye shiga wasu filaye, suka bar wasu a buɗe. A sakamakon da suka buga a 2007, dodon koɗin ya ninka kusan sau 19 a inda kifi ba ya shiga, ɓarnar da yake yi wa murjani kuma ta ninka kusan sau 8. Kifaye masu ƙarfin haƙori da ke fasa ƙoƙo, su ne ke rage shi. Kuma irin waɗannan manyan kifaye su masunta ke fara kwashewa a duk gaɓar da kamun kifi ya yi yawa.